Akushin Baba Bai Taɓa Komawa Cike Ba

Daga Allah muke, wajenSa kuma za mu tattara. Baba ya riga mu da hantsin wata Talata, a ɗakin soron gidana da ke Dutsin-Ma, bayan ya kurɓi koko sau uku ya ce ya isa. Ban san shekarunsa ba, shi ma bai sani ba. Ƙanena ma'aikaci ya rubuta wani adadi a saƙon da ya tura wa abokan ofishinsu, ban tambaye shi inda ya samo shi ba.

An taru, ba laifi. Mutanen Tamawa sun zo cikin bas, na Dabawa a kan babura, har da waɗanda rabonsu da leƙo Baba tun yana iya ɗaga galma. Na zauna kan tabarma ana ce mani "ya haƙuri," ina cewa "da godiya," amma idona na kan bakunansu. Wanda ya yi masa wanka ya fito yana goge hannu, ya raɗa wa na kusa da shi wata magana, wancan ya girgiza kai. A hanyar maƙabarta na ji ɗaya daga masu ɗaukar makara yana cewa, "Kai, kamar ba kowa a ciki." Wani ya ce masa, "Yi shiru, ɗan yana bayanka."

Daga cikin gida kuwa Gwaggo, ƙanwar Baba, ko rage murya ba ta yi ba. "Mutumin da ya ciyar da unguwa guda, a ce yunwa ce ajalinshi. Ni dai ban kama suna ba. Allah na nan." Mata suka yi ta cewa sai haƙuri Gwaggo, ba wadda ta ce mata ta bari.

Ba ta kama suna ba don ba sai ta kama ba. Kowa ya san wadda ake nufi, kowa kuma ya ga ba ta cikin gidan. Matata ce, uwar 'ya'yana mata biyu da ke gidajen mazansu, wadda muka yi shekara ashirin da ɗoriya tare. Wata biyu da rabi kafin rasuwar na yi mata saki ɗaya, ta koma gidan mahaifinta a Kurfi, a kan zargin tana hana Baba abinci. Ni na yi, da bakina, ba wanda ya tsare ni da wuƙa. Ranar jana'izar ma ina zaune ina ganin na yi daidai, haushina ɗaya, ban yi da wuri ba. Liman ya ja ni gefe ya ce idda ba ta jiran a share makoki, in ina da niyyar mayar da ita in hanzarta. Na ce masa ya bar ni in binne ubana.

Kwana uku ana yabon Baba. Mai haƙuri, mai zumunci, mai sahun gaba. Wannan yabon ko wace gawa aka kwantar za a yi mata shi. Ni karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya, facin taya nake yi a bakin tasha, ban iya jera magana ba. Amma na san mutumin, kuma zan faɗe shi yadda yake.

Baba manomi ne, kuma mutumin ciyayya. Yaran yanzu sai an yi masu bayani. A Tamawa, da an sallame magariba kowane magidanci zai fito da tuwon gidansa, a haɗu a wuri ɗaya, a jera, a ci tare. A ƙofar gidanmu ake yin ta unguwarmu, su bakwai ne. Akushin Baba baƙi ne, ya tsage a baki an ɗinke shi da waya, shi ake fara buɗewa. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya ci tuwo shi kaɗai ba. Ko a gona, in Inna ta aika da abinci, sai ya hau kan kunya ya ƙwala wa na gonar kusa kira. In ba kowa, ya rufe ya ci gaba da noma. Yakan nuna maƙogwaronsa ya ce, "In ba hannu biyu a akushi, nan yake tsaya mani."

Wata shekara damina ta ɗauke da wuri, gero ya tsaya bai yi ido ba. Wani maƙwabcinmu ya daina fitowa ciyayya, wai ciwon kai. Kowa ya san ba a hura wuta a gidansa ba ne. Baba bai je yi masa jaje ba, bai aika masa da damin hatsi a gaban mutane ba. Sai ya kafa doka: daga yau kowa ya shigo da kwanonsa soronmu a rufe da faifai, shi zai fito da su da hannunsa. A soron yake raba namu ya cika na mutumin. Har aka yi sabon hatsi ba wanda ya iya nuna kwanon da ya shigo ba komai. Mu na cikin gida mun sani, don malmalarmu ce ta ƙanƙance. Inna takan ce, "Ubanku ya auri unguwa, mu 'yan rakiya ne."

Yana da aboki mai tuƙar igiya, Mai Igiya kowa ke ce masa. Sun yi rigima a kan iyakar gona, wani layin gamba da kowa ke cewa kakansa ya dasa. Damina biyu ba sa gaisawa, amma ba wanda ya fasa zama kan tabarmar. Sai ka ji Baba ya ce wa sauran, "Ku gaya wa wancan ya turo miya." Mai Igiya ya ce, "Ku ce mai ya miƙo hannu. Hannun da ya kai cikin gonata ba zai gaza kai wa ga miya ba." A yi dariya, su biyun ba su yi ba, su ci gaba da ci. Har yau ban san yadda aka ƙare da gambar ba. Na dai san ranar da Inna ta rasu Mai Igiya ne ya shiga kabari ya karɓe ta.

Akwai kuma amaryar da aka kawo unguwar, ta yi miyar farko gishiri ya zarce. Kowa ya sa loma ɗaya ya janye hannu. Baba ya jawo kwanon gabansa ya share shi tas, ya bi da moɗar ruwa uku. Aka ce, "Malam, dole ne?" Ya ce, "Mace in ka mayar mata da tuwonta, ka zage ta ba ka buɗe baki ba, kuma duk gidan sai sun ji zagin."

Kada a ɗauka waliyyi ne. Mutum ne mai tauri. Ni ne ɗan farinsa, bai taɓa kiran sunana ba, "kai" ne ko "wannan." Bai taɓa ce mani sannu da aiki ba. Ya taɓa kama ni ina cin rogo a bayan rumbu, marin da ya yi mani ba na satar rogon ba ne, na ɓuya da na yi ne. Kuma duk son ciyayyarsa, ni da shi ba mu taɓa sa hannu a kwano ɗaya ba. Ɗa ba ya ci da uba, haka muka tashi muka gani, ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Duk wannan na san shi. Ku riƙe wannan, don shi ne laifina. Ba jahilci ba ne.

Bayan Inna, abokan cin suka bi ɗaya bayan ɗaya. Mai Igiya ya koma wajen ɗansa a Dabawa. Gwiwoyin Baba suka ƙi, kwana a ƙauye kuma ya zama abin da ya zama. Aka yi taron dangi. Ƙanena ya ce gidansa na Katsina bene ne, tsoho ba zai iya hawa ba. Gwaggo ta ce ita ma a ƙarƙashin wani take. Kowa ya ba da shawara mai kyau, sannan kowa ya dube ni. Na ɗauko shi a bayan babur, akushin na kan cinyarsa.

Unguwarmu sabuwa ce, ma'aikata ne da ɗaliban jami'a, kowa ƙofar ƙarfe, kowa ya ci nasa a ciki. A satin farko Baba ya ja tabarma ƙofar gida bayan magariba, ya ajiye akushi ya zauna. Duk wanda ya wuce sai Baba ya ce masa, "Bismilla." Su ce, "Alhamdu lillahi, Baba," su wuce. A rana ta huɗu ina dawowa daga tasha na ga wani mai babur ya rage gudu ya jefa masa sadaka a kan faifan. Raina ya ɓaci. Na naɗe tabarmar da kaina na ce, "Baba, nan ba Tamawa ba ne. Za a ce na kasa riƙe ka. Daga yau a ɗaki za a riƙa kai maka." Ya dube ni, ya dubi hanya, ya ce, "To." Kalmar ke nan, bai ƙara ba.

Haka aka tsara. Matata ta durƙusa a bakin ƙofa ta gaishe shi, ta tura akushi ƙarƙashin labule, ta koma ciki. Suruka ba ta tsayawa kan surukinta yana ci, da ta tsaya ma da ni zan fara cewa ba ta da kunya. Bayan wani lokaci ta dawo ta tarar da akushin a bakin labule, an rufe da faifai, ba ko loma. Ita ke wanke masa kaya, ita ke ɗora ruwan wanka, ita ke zubar da fo kafin gari ya waye sosai don kada ya ji nauyi. Shekara ɗaya da rabi tana wannan. Ban taɓa jin ta yi tsaki ba, kuma ko wannan daga baya sai da na mayar da shi abin zargi. Na ce mai shiru haka akwai abin da take ƙullawa.

Baba ya fara zubewa. Rigarsa ta yi masa yawa, zoben azurfarsa ya koma babban yatsa. Koko yana sha, fura yana sha, ya tauna goro. Amma mutum na narkewa a gabanka.

Ranar kasuwa Mai Igiya kan zo sayar da igiya, ya biyo ta gidan da azahar. Nan za ka ga abin mamaki. Su biyu su cinye akushi, Baba ya ɗaga labule ya ce, "Ɗiyar nan, da saura?" A ƙaro. Wata ranar ina tsaye a soro ina kallo, yana kai loma kamar wanda ya kwana uku bai ci ba. Wani mai hankali da ya ga haka zai ce ga maganin nan. Ni abin da na ce a raina: ashe in da baƙon ido ana ba shi ya ƙoshi, in ba kowa fa?

Na kai shi asibiti. Aka auna jini, aka auna fitsari, aka ce ba wata cuta sai tsufa da rashin ci. Wata nas, ba ta kai 'yata ta fari ba, ta zaunar da ni ta ce, "Malam, wa ke zama da shi in yana cin abinci?"

Na ce, "Yaro ne da za a tsare shi?"

Ta ce, "Ba tsaro ba. Tsofaffi da yawa in an bar su su kaɗai abincin ba ya shiga. Ku samu mai zama da shi, ko hira ce. Kuma mai jinyar ita ma a riƙa sauƙaƙa mata, kada a bar wa mutum ɗaya."

Na ce mata na gode. A hanya na ce wa kaina maganar littafi ce, wadda aka rubuta don mutanen da ba su san kunya ba. Har na yi zargin ko matata ce ta riga ni zuwa ta tsara ta.

Da farkon damina Mai Igiya ya rasu. Da aka gaya wa Baba bai yi kuka ba. Ya ce, "Ya tafi da gambar." Daga nan ramar ta ƙara gudu.

Sai masu dubiya. Mai jinya shekara ba ya da bakin magana a gaban wanda ya zo da lemo a leda ya zauna minti goma. Gwaggo ta zo ta shiga ɗakin, ina jin su daga soro.

"Yaya, ka ci abinci yau?"

Baba bai iya ƙarya ba. Ya ce, "Ban ci ba."

"Jiya fa?"

"Na sha fura."

"Ba a kawo maka ba?"

"An kawo. Allah shi yi mata albarka."

Ta fito ta tsaya a kaina. "Ɗan nan, ka ji da kunnenka. Bai ci ba, amma wai an kawo. Ka san ubanka, ko yanka shi ake ba zai tona asirin suruka ba. In an kawo, ina ya tafi? Aljanu suka ci?" Da yamma ƙanena ya bugo waya. "Yaya, ni ba na son shiga harkar gidanka. Amma ka sa ido. Madarar da na aiko, ka tabbata shi ke sha?"

Na sa ido. Na zama ɗan sanda a gidana. Na riƙa leƙa buhun dawa, yana raguwa yadda ya kamata, na ce to ana dafawa, amma Kurfi ake aikawa. Na riƙa barin tasha da rana tsaka in faɗo gida ba sallama. In na tarar da akushi a bakin labule ba komai, in ce haka ta kawo shi don ta rufe mani ido. In na tarar da shi a hannunta cike, in ce ta ji ƙarar babur ɗina. Ba abin da za ta yi ya wanke ta, don na riga na yanke. Abu ɗaya ne ban yi ba: ban ɗaga labulen na zauna ba.

Ranar da na tsare ta tana tankaɗe. Na faɗi duk abin da ke cikina. Ta ajiye rariya ta ce, "Malam, ni ban taɓa ganin cin Baba ba. Kai ma ba ka taɓa gani ba. A kan mi za ka rantse?"

Na ce, "A kan ƙasusuwanshi."

Ta ce, "Shiga ka zauna da shi sau ɗaya. Ni ba hali, kai ɗanshi ne."

Na ce, "Yau ke za ki koya mani zama da ubana?" Sannan na faɗi kalmar. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ƙarasa tankaɗen, ta tuƙa tuwon, ta kai bakin labule ta yi masa sallama kamar kullum, sannan ta ɗauki mayafi.

Washegari na sayo tuwo wajen mai abinci a tasha, na juye a akushi, na tura ƙarƙashin labule, na juya. Ya kira ni. "Kai. Hannun tuwon ya sake. Ina ɗiyar mutane?" Na ce ta je ganin gida. Ya daɗe yana dubana, ya ce, "Ganin gida." Akushin ya fito ba komai, na ce to ga shi, yanzu yana ci. Da ya ci gaba da ramewa na ce ɓarnar da ta riga ta yi ce. Haka har Talatar nan.

Ranar addu'ar uku, bayan an watse, maƙwabciyarmu ta tare ni a soro. Dattijuwa ce mai kiwon awaki, tana ɗaure su a kangon da ke jikin gidana. Ta yi mani gaisuwa, ta share ido da gefen zane, ta ce, "Ni da awakina mun yi rashi. Tun shekaranjiya suke tsaye ƙarƙashin tagar nan suna kuka."

Na ce, "Wace taga, Iya?"

"Ta ɗakin Baba mana. Rana da yamma, ba fashi. Ba fa ƙanzo ba, malmala guda-guda, da miyarta. Har nakan ce lallai matar gidan nan hannunta a sake yake, a ci a ƙoshi har dabba ta samu. Ranar kasuwa ce kawai da ba ya zubowa, daga baya ita ma ya haɗa."

Yabo take yi. Ba ta san abin da ta faɗa ba.

Na zagaya kangon. Tagar ƙarama ce, daidai kan gadonsa. Daga bakinta har ƙasa bangon ya yi baƙi da busasshiyar miyar kuka, wani zubi kan wani, ya yi kauri kamar yaɓe. Ƙasan wurin kofato ya daddaɓe shi. Akuya biyu na tsaye, suka ɗago kai suka dube ni.

Bai iya ci shi kaɗai ba. Bai kuma iya mayar mata da tuwonta cike ba, kada ya zage ta. Ya zaɓi ya rufa mata asiri da cikinsa, rufin nan kuma shi na ɗauka na kore ta da shi. Wata biyu da rabi na ƙarshe tuwon da na sayo da hannuna ne ke bin bangon.

Na kira Gwaggo da ƙanena na nuna masu. Gwaggo ta daɗe tana kallo, ta gyara lulluɓi ta ce, "To ni ai cewa na yi a bincika." Ƙanena ya ce irin wannan da an sani da an kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa. Na ce masa ƙwaƙwalwar Baba ta fi ta duk wanda ke tsaye a kangon nan. Ba wanda ya ce a je Kurfi. Ni ma ban tafi ran nan ba. Na ce sai an yi bakwai, kada a ce na bar zaman makoki na bi mace. Har a lokacin abin da za a ce nake ji.

Washegarin bakwai na hau babur. Surukina dattijo ne mai ƙarancin magana, ya zo jana'iza ya koma bai ce mani komai ba sai gaisuwa. Ya shimfiɗa mani tabarma a zaure. Na faɗa masa duka, har awakin, ban rage ba. Na ce na zo in mayar da matata.

Ya ce, "Malam, iddarta ta cika shekaranjiya."

Na lissafa a raina. Da na taho ranar da na ga bangon, da kalma ɗaya ta isa.

Ya ce, "Yanzu ba a bakinka take ba, ba a nawa ba. Tana jin ka."

Tana bayan ƙofar da ke shiga cikin gida. Ban ga fuskarta ba, sai gefen zanenta. Ta ce, "Allah shi jiƙan Baba." Sannan ta ce, "Ni kullum murna nake ya cinye. Har ƙara mai malmala nake yi." Ta ƙara da cewa, "Shi ban riƙe shi da komai ba. Kai kuma, ba a ɗaki aka ce na kashe tsoho da yunwa ba. Tamawa an ji, Dabawa an ji, surukan 'ya'yana sun ji. Ka je ka faɗa inda aka faɗa, a gaban waɗanda suka ji. Bayan nan in ka zo neman aure, zan duba."

Na ce, "Na ji."

Surukina ya tashi ya shiga. Can sai aka turo kwano ta ƙarƙashin ƙofar, rufe da faifai. Na buɗe. Tuwon dawa miyar kuɓewa busasshiya, hannunta ne, ko ido rufe na san shi. Zauren ba kowa. Na yi bismilla na yanko loma, ta tsaya mani a daidai inda Baba ke nunawa. Na sha ruwa, ta ƙi wucewa. Na ajiye hannu. Sai na ga in na mayar mata da shi cike bayan abin da na yi, wani sabon zagi ne. Wallahi ban san sanda idona ya fara bin bangon zauren yana neman taga ba.

A haka surukina ya same ni. Ya dubi kwanon, ya dube ni, ya dubi inda nake kallo. Shekara ashirin da ɗoriya ban taɓa shan ko ruwa a gabansa ba. Ya jawo buta ya wanke hannu, ya zauna daura da ni, ya jawo kwanon tsakiya.

Na ce, "Baba, ai ba a yi."

Ya ce, "Ba a yin nan ne ya kai mu nan. Sa hannu."

Muka ci, ba mai duban wani. Tuwon ya wuce. Da muka gama ya ɗauki kwanon da kansa ya miƙa ta ƙofar, na ji yana ce mata, "Karɓi. Wannan ci aka yi, ni shaida ne."

Wannan takardar ita za a karanta ranar addu'ar arba'in, bayan an shafa fatiha, kafin kowa ya nemi takalminsa. Gwaggo za ta ji daga cikin gida, na ce a bar ƙofa a buɗe. Matar nan ba ta hana Baba ko loma ba. Ta ciyar da shi da gaskiya, shi ya kare ta iyakar yadda ya iya, ni na naɗe masa tabarma, ni na ƙi ɗaga labule. Wanda ke da tsoho a gida kada ya tsaya duban kwano. Ya shiga ya zauna, in kunya ta hana shi ci, ya nemo wanda zai ci da shi, ko da daga wata unguwa ne.

Na wanke akushin, na sake ɗaure wayar da ta saki. Ran nan a ƙofar gida zan ajiye shi, inda na hana shi zama, duk wanda ya saurara har ƙarshe ya matso ya sa hannu. Washegari in koma Kurfi in ji abin da ta duba.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa, Ya yafe mani abin da na yi masa ina ganin gata ne. Ya haɗa shi da Inna da Mai Igiya da sauran mutanen tabarmarsa, Ya zaunar da shi inda ba za a tura masa abinci ta ƙarƙashin labule ba.